Zanen Gini A Kwamfuta: Sai Suna Ya Daidaita Na'ura Ke Yin Biyayya

Masu iya magana sun ce tun ran gini ran zane. Asalin maganar ta maginan tukwane ce, domin idan yumɓu ya bushe ba ya karɓar ado, amma a wannan zamani da wuya a sami inda ta fi dacewa kamar ofisoshin masu zana gine-gine. Duk wanda ya taɓa neman izinin gini a hukumar KNUPDA ta Kano, ko KASUPDA ta Kaduna, ko sashen kula da gine-gine na Abuja, ya san cewa ba da takarda ɗaya ake zuwa ba. Damin fallaye ne ake kaiwa, kowane falle da irin zanen da ke kansa, kuma dukkansu bayanin gini ɗaya suke yi. Matsalar da ta daɗe tana ci wa masu wannan sana'a tuwo a ƙwarya ita ce yadda za a sa waɗannan fallaye su riƙa faɗin magana ɗaya, kada wannan ya ce faɗin ƙofa santimita 90 ne, wancan kuma ya ce 80.

Mai karatu zai iya cewa, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan malamin kimiyyar harshe da manhajar zanen gini? Amsata ita ce, da na zauna na nazarci yadda waɗannan manhajoji suke tsara zane-zane, sai na tarar da abin da muke koyarwa kullum a aji: saiwa da rassanta, jituwa tsakanin sassan jimla, da kuma ƙa'idar raɗa suna. Abin da nake son tabbatarwa a wannan maƙala shi ne, sarrafa kai da ake kururutawa a manhajojin zanen gini ya dogara ne kacokan a kan tsabtar suna da tsari. Ofishin da bai daidaita sunayensa ba, ko da ya sayi manhaja mafi tsada, alƙalami kawai ya saya.

Mene ne mahanga?

Gini abu ne mai tsawo da faɗi da tsayi, ita kuwa takarda shimfiɗaɗɗiya ce. Saboda haka dole mai zane ya zaɓi inda zai tsaya ya dubi ginin, ya zana abin da ake gani daga nan. Wannan matsaya da abin da ake hangowa daga gare ta shi zan kira mahanga, jam'inta kuwa mahangu, kamar yadda muke cewa makaranta da makarantu.

Manyan mahangu huɗu ne. Akwai filan, wato a ɗauka an yanke ginin a kwance a tsayin mita ɗaya da 'yan kai daga daɓe, an ɗage saman, ana leƙen ɗakuna daga bisa. Akwai fuska, wato yadda ginin yake ga wanda ya tsaya a gabansa, ko bayansa, ko gefensa. Akwai tsagi, wato a ɗauka an tsaga ginin daga rufi har fandisho kamar yadda ake tsaga kabewa, domin a ga kaurin dakin da tsayin ɗaki da hawan matakala. Sai kuma zanen filla-filla, inda ake ƙara girman wani ɗan gurbi, kamar mahaɗar ginshiƙi da linta. Filan akan zana shi a sikelin 1:100 ko 1:50, filla-filla kuwa a 1:20 ko 1:10 ko 1:5.

Bafaranshen nan masanin lissafi, Gaspard Monge, shi ya shimfiɗa ƙa'idojin lissafi na wannan hanya a littafinsa da aka buga a 1799. Mu a nan ƙasar Hausa tamu hanyar daban ce. Maginin gargajiya a kan ƙasa yake shata fili, sauran ginin kuwa yana cikin kansa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a ƙarni na 19, shi ne ma'ajin siffar ginin, daga bakinsa kowane ma'aikaci yake karɓar rabonsa na bayani. Tunda tushen bayanin ɗaya ne, saɓani ba ya samun ƙofa. Da takarda ta zo, sai bayanin ya rarrabu a fallaye da yawa, kowanne yana cin gashin kansa.

Daga allon zane zuwa samfuri guda

A zamanin allon zane da takarda mai shara-shara, idan mai gida ya ce a matsar da taga, sai mai zane ya bi fallaye ɗaya bayan ɗaya da reza yana kankarewa: filan, fuska, tsagi, da jadawalin tagogi. Idan ya manta guda, shi ke nan an shuka rigima. Da kamfanin Autodesk ya fito da AutoCAD a 1982, aiki ya yi sauri, amma ainihin matsalar ba ta gushe ba, domin layuka kawai manhajar take gani. Ba ta san cewa layuka biyun nan bango ne ba, balle ta san bangon da ke cikin filan shi ne wanda ke cikin tsagi.

Sauyin gaske ya zo ne daga wata dabara daban, wadda Farfesa Charles Eastman na Amurka ya bayyana tun a 1975: a gina ginin sau ɗaya a cikin kwamfuta, bango a matsayin bango, ƙofa a matsayin ƙofa, kowanne da bayanansa, sannan a ciro duk zanen da ake buƙata daga wannan samfuri. Kamfanin Graphisoft na ƙasar Hangari ya bi wannan tafarki da manhajarsa ArchiCAD tun a shekarun 1980. Revit kuma ta fito a 2000, Autodesk ya saye ta a 2002. Wannan tsari shi ake kira BIM a taƙaice, ma'anarsa tattara bayanan gini a cikin samfuri guda.

Ɗalibin Hausa zai fi kowa saurin fahimtar wannan. A 1960 ne F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai, ya nuna yadda saiwa ɗaya take haifar da saya, da saye, da sayo, da sayar, da sayu. Saiwar ba ta sauya ba, fuskar da aka dube ta ce ta bambanta. Haka samfuri yake ga mahangu. Sannan akwai jituwa. Idan na ce yaro ya zo, sai na mayar da yaro yarinya, tilas ne ya ta koma ta, ba sai wani ya tuna mini ba. To, irin wannan jituwa ce manhajar ta kawo. A matsar da taga a filan, nan take ta matsa a fuska da tsagi, girmanta ya sauya a jadawali. A goge ƙofa, adadin ƙofofi a jadawalin mai ƙiyasin kuɗi ya ragu da ɗaya.

Kayan aikin tsarawa

Sai dai wannan sauƙi ya zo da nasa ciwon kai. Tunda ƙirƙirar mahanga ba ta wuce danna linzamin kwamfuta sau biyu ba, sai mahangu su yi ta haihuwa. Mu ɗauki ɗakin kwanan ɗalibai mai hawa huɗu. Kowane hawa yana buƙatar filan na gini, da na silin, da na kayan ɗaki, da na wayoyin lantarki, da na bututun ruwa, da na hanyoyin tsira daga gobara. Shida sau huɗu, 24 ke nan, ba a ma zo kan fuskoki da tsage-tsage da filla-filla ba. A babban aiki kamar asibiti, mahangu sukan kai ɗaruruwa. Masu manhajojin sun tanadi dabaru domin shawo kan wannan.

Na farko shi ne mazubi, kamar mazubin bulo. A cikinsa ake ajiye ƙa'idojin mahanga: sikeli, kaurin layi, abin da za a nuna da abin da za a ɓoye. Idan aka ɗaure filan 24 da mazubansu, aka ga kaurin layin bango bai yi ba, a wuri ɗaya za a gyara, duk su gyaru. Na biyu shi ne mataci, wato sharaɗin da ake gindaya wa manhaja, alal misali a ce duk bangon da aka rubuta yana jure wuta na awa ɗaya a shafa masa ja. Na uku shi ne tsarin jeri. A Revit ana iya umartar jerin mahangun da ke gefen allo ya kasa kansa bisa fanni, ko hawa, ko matakin aiki. ArchiCAD kuwa ta raba aikin gida huɗu: taswirar aikin kansa, da taswirar mahangu, da kundin fallaye, da sashen wallafawa. Tana ma da wata irin jaka mai kwaikwayo, wadda da zarar an ƙara sabon hawa a ginin, sai mahangarsa ta bayyana a ciki da kanta, ɗauke da ƙa'idojin 'yan'uwanta.

Na huɗu shi ne ishara mai bin sawu. A kan filan akwai 'yar alama da ke cewa tsagi kaza yana falle kaza. A da, da hannu ake rubuta lambar, idan an sake jera fallaye sai ta koma ƙarya. Yanzu manhajar ce ke cike ta, kuma tana sauya ta idan tsagin ya ƙaura. Na biyar kuwa shi ne jerin umarni. Da kayan aiki irin su Dynamo da pyRevit, ana iya ba manhaja jadawalin Excel mai ɗauke da lambobi da sunayen fallaye, ta ƙirƙire su duka, ta ɗora wa kowanne mahangarsa, ta fitar da su a PDF, aikin da a da yakan cinye wa ƙaramin ma'aikaci kwanaki.

Suna linzami

Duk waɗannan dabaru, in mai karatu ya lura, abu ɗaya suke ci: suna da bayanin da mutum ya rubuta. Mataci ba ya ganin bango, rubutun da ke jikin bayanin bangon yake karantawa. Jerin umarni ba ya gane nufi, haruffa yake kwatantawa. Ɗan'adam yana da abin da muke kira fahimtar muhallin magana, idan aka ce masa filan ƙasa, ko filan na ƙasa, ko ƙasa kawai, ya san abu ɗaya ake nufi. Ga na'ura kuwa abubuwa uku ne mabambanta. Manhajoji da dama ma sukan jera hawa 10 gaba da hawa 2, domin harafi bayan harafi suke bi, shi ya sa ƙwararru suke rubuta 02.

Na sha ganin jakunkunan aiki a kwamfutocin ɗalibai da na wasu ofisoshi, inda za ka tarar da fayil mai suna na ƙarshe, kusa da shi na ƙarshe 2, sai na ƙarshen ƙarshe, sai kuma wanda Alhaji ya amince. A cikin samfurin kuma ga kwafi na kwafi na hawa 1. Wanda ya raɗa waɗannan sunaye shi kaɗai ya san ma'anarsu, shi ma na mako biyu ne. Ranar da ya tafi hidimar ƙasa ko ya sami aiki a wani wuri, ofishin ya zama kurma a kan aikinsa.

Ƙasashen da suka yi nisa sun mayar da raɗa suna wani ƙaramin nahawu. A ƙa'idar zanen kwamfuta ta Amurka, wadda aka fara fitarwa a 1999, lambar falle kamar kalma ce mai ɗafi. A-101 na nufin: A, aikin mai zanen gini, 1, filan, 01, na farko a jeri. Lamba 2 ta fuska ce, 3 ta tsagi, 5 ta filla-filla, 6 ta jadawali. Idan aka ga S a farko, an san na injiniyan ƙarfin gini ne. Wanda ya ga S-301, ko bai buɗe ba, ya san tsagi ne na injiniya. Birtaniya ta ɗaga abin sama. A 2011 gwamnatinta ta sanar cewa daga 2016 ayyukan ginin gwamnatin tsakiya sai da BIM, kuma daga ƙa'idojinta ne aka gina ma'aunin duniya ISO 19650, wanda kashinsa na ɗaya da na biyu suka fito a 2018. A tsarin Birtaniya sunan kowane fayil yana da gurabe bakwai a jere, daga sunan aiki da kamfanin da ya samar da shi, har zuwa fanni da lamba. Bugu da ƙari, kowane zane yana cikin ɗayan halaye huɗu: ana kan aikinsa, ko an raba shi ga abokan aiki, ko an wallafa shi domin a yi gini da shi, ko an adana shi. Lambar gyara mai farawa da P ta share fage ce, mai farawa da C kuwa ita ce ta kwangila. Da wannan, ba wanda zai zuba kankare bisa zanen da bai nuna ba.

Ina matsayin harshenmu?

A nan ne batun ya taɓa mu kai tsaye. Mazuban da manhajojin nan suke zuwa da su an gina su ne bisa al'adar wasu. Ba'amurke yana kiran hawan ƙasa hawa na ɗaya, mu kuwa da muka gaji lissafin Ingila, hawa na ɗaya shi ne na saman ƙasa. Ofishin da bai tsayar da matsaya a kan wannan ba, zai iya aika wa birkila filan wani hawa da sunan wani. Haka kuma jerin sunayen ɗakuna na waɗannan mazubai bai san zaure ba, bai san shigifa ba, bai san turaka da tsakar gida ba. Zaure ya wuce wurin wucewa, iyaka ce tsakanin baƙo da iyali, kuma idan aka laƙaba masa sunan wani abu, da sannu za a zana shi kamar wancan abin.

Akwai kuma matsalar haruffa masu lanƙwasa. Ga kwamfuta, ɗaki da daki kalmomi biyu ne, haka ƙofa da kofa. Idan rabin ma'aikatan ofis suna sa lanƙwasa rabi ba sa sawa, mataci zai kama rabi ya bar rabi. Wasu tsofaffin salon haruffa na AutoCAD ma alamar tambaya suke nunawa a gurbin harafin da ba su sani ba. Maganin wannan ba wuya: a zaɓi salon haruffa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, a kuma bi daidaitacciyar ƙa'idar rubutu.

Daɗin daɗawa, tsarin samfuri guda ya buɗe wata ƙofa da ba mu shiga ba tukuna. Kowane ɗaki a samfuri yana iya ɗaukar gurbin suna biyu, ɗaya na Ingilishi ɗaya na Hausa. Da mazubi ɗaya a fitar da fallayen hukuma da Ingilishi, da wani mazubin kuma a fitar da fallayen filin aiki da Hausa, ma'aunai iri ɗaya, ba tare da an sake zana ko layi guda ba. Birkila da kafinta da mai ɗaurin rodi, waɗanda su ne ke mayar da zane gini, za su karanta umarnin da kansu maimakon jiran tafinta.

Inda na'ura ba ta kai ba

Kada a ɗauka ina cewa manhaja ta ɗauke wa mutum nauyin dubawa. Jituwa takan yaɗa daidai, takan kuma yaɗa kuskure da sauri iri ɗaya. Idan aka shigar da tsayin hawa ba daidai ba, duk mahangu za su yi ittifaƙi a kan ƙarya, kuma tsabtar bugun za ta sa a yarda da su.

Tarihi ya bar mana darasi mai ɗaci. Ranar 17 ga Yuli, 1981, wasu gadojin tafiya guda biyu da aka rataya a zauren otal ɗin Hyatt Regency da ke birnin Kansas na Amurka suka rufto a kan masu biki, mutum 114 suka rasu, fiye da 200 suka ji rauni. Bincike ya nuna cewa a zanen asali sandar ƙarfe ɗaya ce take saukowa daga rufi ta riƙe gadojin biyu. A zanen masu ƙera ƙarfe sai aka mayar da ita sanduna biyu, ta yadda gadar ƙasa ta rataya a jikin ta sama, nauyin da ke kan mahaɗar ya ninka. An amince da sauyin ba tare da an sake lissafi ba. Ɗan zanen filla-filla guda ne, amma ya ci rayuka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A wurinmu tsagewar ta fi yawa a tsakanin ofis da filin aiki. Sau da yawa abin da ke hannun ɗan kwangila hoton falle ne da aka turo masa ta WhatsApp watanni da suka wuce, alhali an yi gyara uku bayansa. Samfurin da ke ofis yana da jituwa, amma ginin da ke tashi yana bin tsohon zance. Asarar siminti da rodi da za a yi wajen rushewa, daga aljihun mai gida za ta fito, wani lokaci ma abin ya wuce asarar dukiya.

Abin yi

Shawarata ta farko ga ofisoshi ce. Kafin a ja layin farko, a rubuta ƙa'idar suna a shafi ɗaya: yadda za a kira hawa, da mahanga, da falle, da fayil. A raba mahangun aiki, inda kowa ke gwaje-gwajensa, da mahangun bugawa, waɗanda ba a taɓawa sai da izini. A ɗora wa mutum ɗaya alhakin mazubai. Kowane falle da zai fita ya ɗauki lambar gyara da kwanan wata, a kuma karɓe tsohon daga filin aiki. Wannan bai buƙatar dala ko ɗaya. Gaskiya ne tun 2016 Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin ya koma kuɗin haya, kuma faɗuwar darajar naira tun 2023 ta ƙara wa abin nauyi, amma ƙa'idar suna tana aiki ko a AutoCAD, ko a manhajojin kyauta irin su FreeCAD da Bonsai.

Ta biyu ga jami'o'i da kwalejojin fasaha, musamman Jami'ar Ahmadu Bello, wadda sashenta na zanen gine-gine shi ne mafi daɗewa a Nijeriya. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A riƙa ba ɗalibi maki a kan tsarin fayilinsa kamar yadda ake ba shi a kan kyan hoton gininsa, domin kyakkyawan hoto ba ya gaya wa birkila inda zai sa bulo.

Ta uku ga hukumar ARCON da ƙungiyar NIA da hukumomin ba da izinin gini: su haɗa kai su fitar da tsarin lambar fallaye guda wanda kowa zai bi, domin jami'in da ke duba zane ya san inda zai sami abin da yake nema ko daga wane ofis ya fito.

Ta ƙarshe kuwa gare mu ce, malaman harshe. Kalmomin da na yi amfani da su a nan, mahanga da mazubi da mataci da tsagi, shawara ce kawai. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya su zauna da masu zanen gini da tsofaffin magina, a tattara kalmomin sana'ar tun daga azara da tubali har zuwa na zamani, a daidaita su, a buga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na'ura ta riga ta nuna a shirye take ta yi biyayya, saura mu mu gaya mata abin da muke so da harshe tsayayye. Allah Ya sa mu dace, Ya kuma kiyaye mu daga ginin da zai zame wa mazauna cikinsa kabari.